Madubin Goggo Ranveig

A gyara tsayuwa. Mai hula ya cire, mai taba ya take ta da ƙafa, mai fitila a goshi kuwa ya kashe tun kafin a kashe masa. Ga Ranveig 'yar Ottar nan tafe, mai gadin sama ba albashi, wadda ta feɗe kifin da ya fi mutanen Norway yawa ba ta taɓa yanke yatsa ba, mai ƙugun ƙarfe, mai batir a rigar mama. A ƙauyenmu ana ce mata Ranveig mai kyamara. Ni Goggo nake ce mata, don yayar babana ce. In ba ta kusa akwai wasu sunayen, amma ba na takarda ba ne.

Tsawonta bai wuce hammatata ba. Tun tana budurwa take aiki a kamfanin kifi na bakin gaɓa, tsaye cikin takalmin roba da wuƙa a hannu, har yatsunta suka lanƙwashe kamar ƙugiya. Mijinta Halvard masunci ne, ya mutu a kan gadonsa, abin da ya ba kowa mamaki har da shi kansa. Ba su haihu ba. Da aka rufe kamfanin aka biya su kuɗin sallama, ƙawayenta wasu suka sayi sababbin kujeru, wasu suka tafi Spain gasa bayansu a rana. Ita ta shiga motar birnin Tromsø da safe, ta dawo da kyamara da wani ƙarfe mai ƙafa uku da ake kafa ta a kai.

Mu nan hasken arewa, wato koren hasken da ke rawa a sama da dare, ba labari ba ne. Kana hanyar zubar da shara sai ka gan shi, ka ɗaga kai ka ce "to," ka koma ɗaki. Baƙi ne ke biyan kuɗin jirgi su zo su yi ta kuka a gabansa. A cikin 'yan gari kaf Goggo ce kaɗai ta mai da shi aiki. Bangon falonta ba masakar tsinke, hoto kan hoto, ni kuwa duk iri ɗaya nake ganinsu, kamar an kifar da miyar ganye a sama. Na taɓa gaya mata haka. Ta ce ba laifina ba ne, wanda ya bar makaranta tun kafin a kai shafin launuka dole ya faɗi haka.

Dokarta ɗaya ce, kada a kunna komai. Kyamarar sai ta daɗe da ido buɗe kafin ta kwashi hasken, ko ashana ka ƙyasta a lokacin ka ɓata hoton. Idon mutum ma haka, sai ya jima a duhu yake fara gani, haske ɗaya kuma ya mai da shi makaho. Sanyi yana kashe batir, shi ya sa take ɓoye nata a jikin fata, inda na faɗa muku.

Ni sunana Jarle. Na gwada jirgin kamun kifi, na ciyar da kifin da abin da ke cikina har suka ƙoshi. Na gwada kanti a birni, mai kantin bai iya wasa ba. Ina zaune a gida ina shirin gwada wani abu aka yi wa Goggo aikin ƙugu, aka sa mata na ƙarfe. Baba ya ce tunda ƙafafuna ba su da aikin yi, in ara mata. Haka na zama ɗan dakonta.

Hoto ɗaya ne ya gagare ta. Tana son sama a sama, sama a ƙasa cikin ruwa, fitilun ƙauye a tsakani kamar zare. Wannan kuwa ba a samunsa sai daga Doro. Doro wani dutse ne a tsakiyar mashigin ruwanmu, mai kama da bayan tsoho. In teku ta janye ana taka yashi da ciyawar ruwa har can. A tsakiyar hanya akwai wani kwari, shi ne ke fara cika in teku ta juyo. In ta gama cikowa Doro kan nutse gaba ɗaya, sai sandan ƙarfen da aka kafa don masu jirgi ke leƙowa.

Ranar muna tsakiyar watannin da rana ba ta fitowa. Da tsakar rana sama ta ɗan yi shuɗi kamar za ta waye, sai ta fasa. Yara ba su daɗe da tasowa daga makaranta ba duhu ya rufe. Ba gajimare, ba iska ko ta kaɗa gashin kyanwa, ga sanyi mai manne hanci. Ba wata kuma. Goggo ta ce shekara da shekaru take jiran waɗannan su haɗu rana ɗaya, in ɗauko jaka.

Ranar da ba wata ita ce ranar da sama ta fi duhu, ita ce kuma ranar da teku ta fi janyewa nesa, ta fi dawowa da ƙarfi. Ko jaririn ƙauyenmu ya san wannan, har ni ma na sani. Na tuna mata. Ta ce tun ba a haifi ubana ba take zuwa Doro da uwarta tonon tsutsar fatsa, kuma ba su taɓa duba agogo ba. In ruwa ya fara shiga kwarin yakan kaɗa tsakuwa, ka ji kamar ana zuba wake a faranti. Daga jin wannan ƙarar, mutum zai sha kofinsa a tsanake, ya tattara kaya, ya ƙetare ƙafa a bushe. Ta ce in bar mata teku, ni in ji da jaka.

Na tura ta a kujerarta mai silalo a kan ƙanƙara har bakin gaɓa, muka bar kujerar nan. Daga nan ta kama hannuna. Ciyawar ruwa ta daskare, santsi kamar an shafa mata mai, likita kuwa ya ce in ta faɗi a kan ƙugun nan sai dai a sake buɗewa. Muka tafi a hankali kamar masu rakiyar gawa. Muka ƙetare kwarin, a bushe yake ƙayau, muka zagayo muka hau Doro ta baya. Ta kafa ƙarfenta, ta juya kyamara ta fuskanci ƙauye, ta ce in kashe fitila in kuma kashe baki.

Sai jira. Can saman tsauni akwai wani ɗan zane fari-fari, kamar hayaƙin da ya rasa inda za shi, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Muka sha kofi, na tauna busasshen kifi har muƙamuƙina ya gaji. Na ɓoye waya cikin riga ina wasa, kafin in ci ko zagaye ɗaya sanyi ya kashe ta. Tata wayar tana gida a kan tebur, wai tana da haske. Na ce Goggo mu tafi, yau hasken ya tafi hutu shi ma. Ta ce kaɗan ya rage. Na ce yatsun ƙafata sun yi min sallama. Ta ce in amsa musu.

Ina cikin ƙorafin nan sama ta tsage. Zanen nan ya kumbura, ya yi kore, ya zubo kamar labulen da aka saki daga sama, gefensa yana kaɗawa da sauri kamar ana karkaɗe shi. Ƙasansa ya yi ruwan hoda. Daga bisani ja ya ɓullo daidai tsakiyar kanmu, ja sosai, irin wanda ni dai ban taɓa gani ba tun da aka haife ni a nan. Ko ni da nake da baki sai da na rasa inda na ajiye shi.

Goggo ta tuɓe safar hannu, ta duƙa a kan kyamara. Ta danna, ta jira, ta duba, ta sake dannawa. Ruwan da ke gabanmu ya kwanta lumui, duk abin da ke sama yana cikinsa, har taurari. Na ji tana magana ƙasa-ƙasa, muryar da ban san tana da ita ba. Wai in dubi madubin, bai taɓa yin faɗi haka ba, kowane hoto sai ya fi na baya faɗi. Na ce in ta gama ta ara min in gyara gashi. Ba ta ko ji ni ba.

Kofi ya nemi hanyar fita, na zaga bayan dutse. Ina tsaye ina kallon hanyar da muka biyo, sai na ga can ma kore ne a ƙasa, yana rawa, gwanin kyau. Na tsaya ina sha'awa, don ni akan ɗan jima kafin abu ya iso min. Sai ya iso. Yashi ba ya nuna hoton sama.

Na dawo ina zamewa. Na ce, "Goggo, madubin naki ya zagayo ta baya."

Ta ce in yi shiru, idon kyamara a buɗe yake. Na sake faɗa, wannan karon ba dariya a ciki. Ta miƙe a hankali. Ta ɗaga kunnen hularta, ta kwance mayafin wuya, ta karkata kai wajen kwarin. Ni ma na saurara. Ba wake, ba faranti, ba komai. Da yake ba iska, ruwan ya shigo ne kamar mai, da ɓawon ƙanƙara siriri a bakinsa, ko tsakuwa ɗaya bai motsa ba. Faɗin da take ta murna da shi a hoto, teku ce ke hawowa.

"Ban ji ta ba," in ji Goggo. Ba da ni take ba.

Na dubi sandan ƙarfen da ke bayanmu. Busasshiyar ciyawar da ruwa ya rataya masa tana sama da kaina. Zama a Doro ba zance ba ne. Na ƙwala kira wajen ƙauye har maƙogwarona ya yi zafi, amma wa zai ji, kowa ya rufe tagarsa mai gilashi biyu-biyu yana cin abincin yamma. Na sa hannu na kunna fitilar goshi. Hazon da ke tashi daga ruwa in sanyi ya yi tsanani ya tsaya a gabana fari fat kamar bango, ƙarƙashinsa baƙi ƙirin. Ban ga hanya ba, ban ga ruwa ba, hasken sama ma ya ɓace min.

"Kashe," ta ce.

Na kashe. Yanzu kuma ba na ganin ko hannuna. Ta ce mu tsaya sai idanunmu sun dawo. Ban taɓa jira mai tsawon wannan ba. Kana tsaye ba ka yin komai, ka kuma san duk numfashin da ka ja ruwan ya ƙara hawa. Na fara wani barkwanci, ya mutu a bakina.

Da ido ya dawo, ta nuna min da hannu. Duk inda na ga kore, ruwa ne. Inda na ga baƙi, ƙasa ce da ba ta riga ta nutse ba. In taka baƙi, in bar kore. Na duba, baƙin tsibi-tsibi ne kamar tabon damisa, yana kuma tsukewa ina kallo.

Da tafiyarta ba za mu kai ko rabi ba, ita ma ta sani. Na durƙusa na ce ta hau. Ta ce jaka fa. Na ce jaka ta gaida kifi. Muka bar jaka da filas a kan dutse. Kyamara kam ba a ma yi zancen barinta ba, ta rataya ta a wuya ta cusa cikin riga. Ƙarfen mai ƙafa uku na so in wurga, ta ce in naɗe shi in yi sanda. Ta hau bayana, ta sarƙe wuyana da ƙugiyoyin nan nata. Na ce ashe ƙaramin buhu ma yana da nauyi. Ta ce in yi tafiya, ƙarfen gwamnati ne a jikinta, in na kayar da shi ni zan biya.

Farko da sauƙi. Daga baƙi zuwa baƙi, wani wurin in tsallaka, wani wurin in taka ruwa iya idon sawu. Tana faɗa min a kunne, hagu, dama, tsaya, ba can ba sakarai. Sai muka iso kwarin. Nan ba sauran baƙi ko na shafawa a ido. Kore ne shimfiɗe daga ƙafata har can ƙetare, ja yana wasa a tsakiyarsa. Da a bango yake da na ce ya yi kyau.

Fitilun ƙauye suna nan tsaye a gabana, kamar in miƙa hannu. Na nufe su. Ta ja min kunne, ja na gaske. Ta ce in na miƙe hanya, nan ne ramin da Halvard ke ɗaure jirginsa, ya shanye mutum biyu a tsaye. Hanyar uwarta wata gada ce ta duwatsu a ƙarƙashin ruwa, tana lanƙwasa ta yi hagu kamar za a koma teku, sannan ta dawo. Ta ce in cire idona daga ƙauye, in riƙa caka ƙarfe kafin in sa ƙafa. In na ji dutse in taka. In na ji taushi in janye.

Na shiga. Ruwan ya haura takalmi ya zuba ciki. Ba sanyi na ji ba, cizo na ji, kamar karnuka sun kama ni a ƙwauri sun ƙi saki. Ya kai gwiwa. Na caka, dutse, na taka. Na caka, dutse. Ruwan a kwance yake a ido, amma ƙarƙashi yana tafiya, yana tura ni ta gefen hagu kamar wani ƙato da ke neman wuri a benci. Ya kai cinya. Ƙafafun Goggo da ke reto a gefena suka shiga ruwa, na ji ta ja numfashi ta haƙora.

Muna tsakiyar kwarin hasken ya mutu. Haka yake yi, ba ya sallama, kamar an hure fitila. Kore ya tafi, ja ya tafi, aka bar mu da taurari da baƙin ruwa. Ƙetaren da nake hange ya ɓace. Na tsaya cak. Na ce Goggo ban san inda na dosa ba. Ta ce in bar turin ruwan ya zauna a ƙafata ta hagu, muddin yana nan muna kan hanya. Na ce ai ba ni da ƙafar hagu, ba ni da ta dama, tun ɗazu suka bar aiki. Ta ce to in ji da ƙarfen, in sake shi kaɗan cikin ruwa in ga inda ake jansa.

Haka muka yi. In saki ƙarfe, in ji inda ya karkata, in caka, in ja ƙafa kamar ta aro. Ita kuwa ta buɗe min buhun zagi a kunne, irin na matan kamfanin kifi, wanda ko a jirgi ban ji kamarsa ba. Ta zagi tsawona na banza. Ta zagi makarantar da na gudu da wadda ta karɓe ni tun farko. Ta ce ubana yana shekara goma ya ƙetare nan da buhu a ka, ni ga ni da gemu ina rawar ɗari. Duk sanda na tsaya sai ta ƙaro wani. Ruwa ya kai ƙugu.

Na caka na ji dutse, na taka, ashe dutsen mai ciyawa ne. Ƙafa ta tafi. Na faɗi a kan gwiwa ɗaya, ruwa ya buge ni a ƙirji, numfashina ya ɗauke ɗif. Na buɗe baki iska ta ƙi shiga. Goggo ta nutse har ciki. Ba ta yi ihu ba. Hannu ɗaya ta damƙi gashina, ɗayan na ji ta ɗaga shi sama da kyamarar. Ta sa baki a kunnena ta ce, "Tashi, Jarle." Ba zagi, ba komai, sunana kawai. Wannan ya fi tsorata ni. Na dafa ƙarfen da hannu biyu, na tashi.

Ban san yadda sauran ya wuce ba. Na dai ji ruwa ya sauka cinya, ya sauka gwiwa, sai na ji ina taka abu mai ƙara, ƙanƙarar gaɓa. Na laluba na sami kujerar, na sauke ta a kai. Ban kai ga juya kujerar ba tufafinmu suka sandare, wandona ya koma kamar kwanon rufi, in na taka sai ya yi ƙara.

A nan ne ta yi shiru. Gidanta ne farkon gida daga gaɓa, amma hawa ne, ni kuwa ina tura kujera da ƙafafun da ba na ji. Kanta ya langaɓe gefe. Na ce Goggo ki zage ni mana. Shiru. Na ce gobe zan sayar wa baƙi kyamarar nan in sayi babur. Shiru. Na ce hotunanta duk zan kwashe in manna a banɗakin tashar mota. Ko motsi. Na san abin da ake faɗa, wanda sanyi ya kama in ya daina rawar jiki ya fara jin barci, ya kama hanya. Na duƙa na taɓa kafaɗarta, ba ta rawa. Na tura kujerar nan ina kiran sunanta, har da sunayen da na ce ba na takarda ba ne, ko za ta ji haushi ta farka.

Ƙofarta ba a kulle take ba, ba ta taɓa kullewa ba. Na sungume ta zan shige, sai na ji wata murya can ƙasa, harshe ya yi nauyi kamar na mashayi. Wai kada in shiga da kyamara ɗaki mai ɗumi, za ta yi gumi ta lalace, in sa ta a leda in bar ta a zaure. Ban taɓa jin daɗin umarni kamar wannan ba. Na sa ta a leda.

Murhunta na itace da sauran garwashi, na cika shi. Ta ce in juya in kalli bango. Ina kallon miyar ganye na ji jiƙaƙƙun kaya suna faɗuwa, batura suka zubo suna gangarawa ƙarƙashin tebur. Maɓallan da yatsunta suka kasa na ɓalle mata ido a rufe. Na naɗe ta da duk bargon ulun da ke gidan, ni ma na shiga tsohuwar rigar Halvard da ta tsaya min a cibiya. Na ɗauki wayarta na kira Solfrid, nas ɗinmu da ke ƙauyen bayan tsauni. Ta ce ga ta nan a hanya. Kafin ta iso in ɗumama mata jiki tukuna, in ba ta abu mai zaƙi ta sha, in hana ta barci. In rawar jiki ta dawo, sannan in sa ƙafafun a ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba, kada kuma in murza.

Na dama mata koko, na riƙe mata kofin don hannunta ya ƙi. Ta kurɓa, ta kurɓa. Can sai haƙoranta suka fara kaɗawa, kofin yana buga su, jikinta duk ya ɗauki ɓari har kujera na motsi. Na kawo roba da ruwa. Na buɗe bargon na ga ƙafafun. Fari fat, kamar naman kifin da ta yi rayuwarta tana yanka. Na sa su a ruwa. Na tambaye ta ko tana ji, ta girgiza kai. Na ƙara ruwan ɗumi, na durƙusa ina kallon yatsu goma kamar mai jiran ƙwai ya ƙyanƙyashe. Nawa ƙafafun sun fara dawowa, zafi kamar ana soka min allura, ina cije leɓe. Nata shiru.

Sai babban yatsa ya ɗan yi ja. Sai na kusa da shi. Goggo ta runtse ido, ta damƙi hannun kujera, ta saki wata ashar da ta sa na waiga in ga ko akwai yara a kusa. Ta ce kamar an sa mata ƙafa a wuta. Na ce a ƙara wuta. Jan ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya har ɗan ƙaramin, ta motsa su duka, ta motsa ƙugun ma, yana nan inda likita ya bar shi.

Nan fa bakina ya dawo. Na miƙe cikin rigar Halvard, cibiya a waje, na ce a rubuta a ajiye, yau Jarle jikan Ottar ya raba teku biyu da tsohuwa a baya. Na ce ya kamata a kafa gunkina a Doro maimakon sandan ƙarfen nan, a sa sunana a jikin jirgin fito, yaran makaranta su riƙa haddace ni. Na ce, "Goggo, faɗi gaskiya ko sau ɗaya a rayuwarki. In mutane suka tambaye ki wane ne jarumin ƙauyen nan, me za ki ce?"

Ta buɗe ido ɗaya. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta dubi inda nake tsaye.

"Ka jiƙa min daɓe," ta ce. "Tsumma na bayan ƙofa."